Dabinon Nessadiou: Sharhi a Kan Littattafai Biyu na Larabawan Kaledoniya

Akwai wata maƙabarta ta Musulmi a wani kwari da ake kira Nessadiou, a tsibirin Sabuwar Kaledoniya, can cikin tekun Fasifik, gabas da Ostireliya. Sunayen da ke jikin kaburburan irin namu ne, kuma akwai dabino a tsaye a wurin. Daga nan zuwa Aljeriya, ƙasar da aka kwaso mutanen da ke kwance ciki, tafiyar ta haura kilomita 17,000. A hoto na fara ganin wurin, cikin wani littafi da abokina, malamin tarihi a nan Damagaram, ya ara mini. Da na mayar masa sai ya miƙo mini na biyu, ya ce: "Malam, karanta wannan ma, sannan ka zo mu yi gardama." Gardamar ce ta haifi wannan sharhi.

Littafi na farko shi ne Kabyles du Pacifique na Mehdi Lallaoui, wanda ya fito a 1994. Na biyu shi ne Caledoun, na Louis-José Barbançon da Christophe Sand, wanda ya fito a 2013, bayan wani baje kolin tarihi mai wannan suna da aka yi a Cibiyar Duniyar Larabawa ta birnin Faris a 2011. Duka biyun da Faransanci suke, kuma duka a kan mutane guda suke magana. Amma wanda ya karanta su a jere zai ga kowane da irin kakannin da ya ba jikokin waɗannan mutane. Tambayar da ta tsaya mini ita ce: idan za ka rubuta tarihin mutanen da aka zalunta, wajibi ne ka wanke su tas kafin su cancanci a tausaya musu?

Bari in fara da abin da ya faru, don wanda bai taɓa jin labarin ba. Faransa ta kama Sabuwar Kaledoniya a 1853, ta tarar da masu ƙasa, wato mutanen Kanak. Daga 1864 ta mai da tsibirin gidan kaso mai faɗi, tana jibge ƴan kasonta a can. A wancan lokaci Aljeriya ma tana hannunta tun 1830. A watan Maris na 1871 Muhammad al-Mukrani ya ɗaga tutar tawaye a gabashin Aljeriya. Ran 8 ga Afrilu Shehu Haddad, jagoran ɗariƙar Rahmaniyya, ya yi kiran jihadi a garin Seddouk, ƙasar Kabiliya ta kama da wuta. An kashe Mukrani ran 5 ga Mayu, ƙanensa Bumazrag ya ci gaba da yaƙi har aka kama shi a Janairun 1872. Faransa ta ci mutanen yankin tarar faran miliyan 36, ta ƙwace ƙasa sama da hekta 400,000. A 1873 aka yi wa shugabannin shari'a a Kwanstantin. Shehu Haddad, tsoho tukuf, ya rasu a kaso. Ƴaƴansa biyu da Bumazrag da sauran manya aka zuba su a jirgin ruwa, tafiyar kusan wata biyar cikin kejin ƙarfe, zuwa ƙasar da bakinsu ya kasa faɗin sunanta, suka riƙa ce mata Kaledun. Daga nan littafi na biyu ya samo sunansa.

Waɗannan mutane na 1871 su ne zuciyar littafin Lallaoui, kuma dole a yaba masa. Kafin shi labarin ya kusa nutsewa, ba a Faransa kaɗai ba, har a Aljeriya. Ya kuma kama wani zare mai daɗin ja. A shekarar nan ta 1871 talakawan Faris su ma sun yi nasu tawayen, wanda ake kira Kwamin, aka murƙushe su, aka kori dubbai zuwa wannan tsibiri. Sai ga ma'aikacin Faris da malamin ɗariƙa daga Kabiliya sun haɗu a kaso guda, hukuma guda ta ɗaure su. Cikin ƴan Faris ɗin har da Louise Michel, malamar makaranta, wadda ta yi rubutu a kansu da tausayi. A 1880 aka yi wa ƴan Kwamin afuwa suka koma gida, aka bar Aljeriyawa a baya. Azizu ɗan Shehu Haddad ya gaji da jira, ya sulale a 1881 ya bi ta Sidni har ya kai ƙasar Makka. Sai a 1895 afuwar ta iso ga sauran, Bumazrag kuwa bai ga Aljeriya ba sai 1904, ya rasu ba da daɗewa ba.

Wannan labari ne da ke shiga rai. Akwai jarumai, akwai azzalumi, akwai abota tsakanin waɗanda ba su jin harshen juna. Ni kaina da na gama shi sai da na kwana ina juyayi. Matsalar ba ta cikin abin da Lallaoui ya faɗa. Tana cikin abin da ya faru da labarin bayan ya bar hannunsa. Yau idan ka bi abin da ake yaɗawa a kan waɗannan mutane a talabijin da Facebook, za ka ɗauka duk wani Balarabe da ke Kaledoniya jikan mujahidin 1871 ne. Ko sunan littafin ya taimaka wa wannan fahimta: ya ce Kabil, wato Amazigawan tsaunukan Aljeriya, waɗanda harshensu dangin na Abzinawanmu ne. Alhali mutanen da aka kai sun fito daga sassa da yawa na Aljeriya, har da kaɗan daga Tunisiya da Maroko, kuma a tsibirin duka suna ɗaya aka sa musu, Larabawa. Jikokinsu ma da wannan sunan suke kiran kansu.

A nan Caledoun ya shigo da lissafi. Barbançon masanin tarihin gidan kason ne, Sand kuma masanin tono kayan tarihi, kuma dukansu ƴan tsibirin ne. Sun koma kundin hukuma suka ƙirga. Mutanen arewacin Afirka da aka kai su 2,106 ne, kuma doka ta kasa su uku. Ƴan kason siyasa, irin su Bumazrag, 121 ne kacal. Akwai 163 da aka kora bisa dokar 1885 ta masu maimaita laifi. Sauran 1,822 mutane ne da kotu ta yanke wa aikin wahala kan laifuffuka irin su kisa da fashi da sata. Wani abin kuma, ƴan siyasar da suka rayu yawancinsu sun koma gida bayan afuwa. Waɗanda suka zauna suka hayayyafa su ne na rukunin ƙarshe, domin dokar 1854 ta ce wanda aka yanke wa ƙasa da shekara takwas, in ya gama sai ya ƙara zaman adadin shekarun a tsibirin, wanda aka yanke wa takwas ko fiye kuwa ba shi ba gida har abada. Su aka ba gonaki na hekta huɗu zuwa biyar a kewayen garin Bourail, a kwarin Nessadiou da Boghen. Wato Larabawan Kaledoniya na yau, galibinsu jikokin talakawan kaso ne da ba wanda ya yi musu waƙa.

Ka ɗauka kai ne jikan. Ka tashi ana gaya maka kakanka ya yi yaƙi da Nasara, ka je ka nemo takardarsa, ka tarar da lamba, da kwanan wata, da kalmar sata ko kisa. Me za ka yi da wannan takarda? Abokina cewa ya yi gara a bar mutane da labarinsu mai daɗi, tunda sun sha wuya isasshe, kuma wa ya aiki masu kundi su tona? Ni ban yarda ba. Shekara da shekaru jikokin ƴan kaso a tsibirin, Larabawa da Turawa, suna ɓoye asalinsu don kunya. Barbançon ma yana da wani littafi na 1992 da ya sa wa suna ƙasar abin da ba a faɗa. Idan maganin wannan kunya shi ne a ara wa kowa rawanin Mukrani, to kunyar tana nan ke nan, an dai lulluɓe ta. An gaya wa jikan ke nan cewa kakansa na gaskiya, makiyayin da ya kashe mutum a kan rijiya ko ya kore shanun wani, bai isa a ambace shi ba sai an sake masa tufafi. Abin da na fi so a Caledoun shi ne ya ɗauki wannan makiyayi da muhimmanci a yadda yake. Mutum ne da aka raba da uwarsa da matarsa da harshensa, ya sare daji, ya yi noma, ya bar zuriya. Wannan ya isa tarihi.

Amma fa lissafin ma yana da tarkonsa, kuma a nan nake da ja. Wa ya rubuta kundin? Mai tsaron kaso. Wa ya yanke hukuncin? Jojin mulkin mallaka, da harshen da wanda ake tuhuma ba ya ji, ta bakin tafinta. Mu da muka fito daga ƙasar da Faransa ta mulka ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan tafinta da shari'ar bariki. Aljeriya ta wancan zamani ƙasa ce da yunwar 1866 zuwa 1868 ta yi wa kisan ƙare dangi, aka ƙwace gonaki, aka hana mutane dazukan da kakanninsu ke kiwo a ciki. A irin wannan hali, iyakar da ke tsakanin ɗan fashi da ɗan tawaye siririya ce, kuma hukuma ce ke riƙe da alƙalamin shata ta. Ba na zargin marubutan da rashin sanin haka. Tsorona mai karatu mai gaggawa ne, wanda zai ga 121 a gefe guda, 1,822 a ɗaya gefen, ya ce ashe dai ɓarayi ne. Cikin dubu da ɗari takwas ɗin nan akwai wanda ya yi kisa da gangan, akwai wanda yunwa ta tura, akwai wanda aka yi wa sharri. Lamba ba ta iya rarrabe su. Kuma duka littattafan biyu sun gaji wani rauni da ba laifinsu ba ne: muryar mutanen da kansu ba ta da yawa a takarda, abin da ya fi saura shi ne wasiƙun neman afuwa, kuma mai roƙon sarki ba ya faɗin abin da ke cikinsa.

Yanzu ga wurin da labarin ya fi ɗaci, wurin da jaruman ma ba su fita da farar riga ba. A watan Yuni na 1878 mutanen Kanak suka tashi, ƙarƙashin wani sarkinsu mai suna Atai. Dalilinsu ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san Kabiliya ta 1871: an ƙwace musu ƙasa, shanun baƙi suna tattake musu gonakin doya da gwaza. Hukuma ta nemi hannu a cikin ƴan kaso. Yawancin ƴan Kwamin, masu wa'azin ƴanci a Faris, suka tsaya bayan hukuma, Louise Michel tana cikin ƙalilan da suka goyi bayan Kanak. Bumazrag kuma, shi da wasu Aljeriyawa wajen arba'in, suka shiga cikin masu murƙushe tawayen, da fatan za a saka musu da komawa gida. Ba a saka musu da hakan ba. An kashe Atai ran 1 ga Satumba 1878, kuma wani Bakanake ɗan uwansa daga yankin Canala, mai taya Faransa yaƙi, shi ya kashe shi. Aka yanke kansa aka aika Faris, bai dawo ga danginsa ba sai 2014.

Ku duba wannan hoto da kyau. Mutumin da aka ƙwace wa ƙasa shekara bakwai da suka wuce, ga shi a kan doki yana farautar wanda ake ƙwace wa tasa yau. Gonakin Bourail da Nessadiou ma, waɗanda aka raba wa ƴan kaso, ba daga sama suka faɗo ba, ƙasar Kanak ce. Ba na kawo wannan don in zagi Bumazrag. Ban ɗanɗana zaman tsibiri da ba ranar fita ba, balle in auna abin da kewar gida ke sa mutum. Abin da nake cewa, duk littafin da zai ba da labarin Larabawan Kaledoniya, a wannan babi ake gane nauyinsa. Labarin jarumta zalla ba shi da inda zai ajiye 1878, sai dai ya bi ta gefensa da sauri. Labarin da ya riga ya karɓi kakanni da tabonsu kuwa yana iya tsayawa ya dube ta, domin bai yi alkawarin waliyyai ba tun farko.

Wannan ba tsohuwar magana ba ce da ta wuce. Har gobe Sabuwar Kaledoniya tana hannun Faransa. An yi ƙuri'ar raba gardama kan ƴancin kai a 2018 da 2020 da 2021, kuma a watan Mayu na 2024 rikici ya ɓarke a Numeya kan wa ya cancanci yin zaɓe. A tsakiyar wannan dambarwa jikokin ƴan kaso suke. A 1983, a wani zaman sulhu da aka yi a Nainville-les-Roches ta Faransa, shugabannin Kanak masu neman ƴanci sun amince cewa akwai wasu mazauna tsibirin da tarihi ne ya jefo su ba da sonsu ba, kuma suna da haƙƙi a ƙasar. Larabawa suna cikin waɗanda wannan magana ta fi dacewa da su. Sai dai wanda ke son maƙwabcinsa ya amince da raunin da aka yi masa, dole shi ma ya amince da gonar wa yake nomawa. Don haka irin tarihin da suka zaɓa su ba ƴaƴansu yana da tasiri a kan zamansu na gobe, ba ado ba ne na littafi.

Akwai kuma mutanen da nake ganin har yanzu ba a ba su haƙƙinsu ba a yadda ake ba da wannan labari, su ne iyaye mata. Maza zalla aka kai, ba mace ko ɗaya daga Aljeriya. A Bourail akwai wani gida da mata masu zaman zuhudu na Katolika ke riƙe da shi, inda ake tara matan kaso da aka kawo daga Faransa don a aurar da su ga masu gonaki. Wasu Larabawan nan suka samu mata, wasu suka auri ƴaƴan ƴan kaso Turawa, wasu matan Kanak. Saboda haka Larabci da Kabilanci ba su tsallaka zuwa ga ƴaƴa ba, yaro harshen uwarsa yake tashi da shi, lakwal kuma ta ƙarasa sauran. Yara da yawa sun tashi da suna biyu, na takarda na Nasara, na gida na Musulmi. Wanda ya fi shahara a cikinsu, Jean-Pierre Taïeb Aïfa, ɗan wani ɗan kaso ne daga Aljeriya, ya riƙe magajin garin Bourail shekaru masu yawa tun daga 1977, har ana yi masa laƙabi da Halifa. To idan muna kiran al'ummar nan Larabawa, mu tuna rabin asalinta waɗannan mata ne. Su suka yi rainon yaran da ke ɗauke da sunayen da aka rubuta a kaburburan Nessadiou. Kundin kaso yana da lambar kowane namiji, matar da ta dafa masa abinci shekara talatin kuwa sai dai a tsince ta a takardar aure. Marubucin da zai zauna da tsofaffin matan Bourail ya rubuta nasu ɓangaren, shi zai cike littafi na uku.

Me ya sa na damu da mutanen da ke bayan duniya? Domin hannun da ya kai su can shi ya taɓa mu. Faransar nan ce ta kai Samori Gabon ya mutu a 1900, ta kai Behanzin na Dahome tsibirin Martinik, ta tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa a 1906 ta kai shi Kwaddibuwa. Kuma mu ma muna da namu 1878. Rundunar Voulet da Chanoine da ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899, ta far wa Sarauniya a Lugu, Turawan cikinta ƴan ƙalilan ne, sauran duk baƙar fata ne da aka ɗebo daga ƙasashen da aka riga aka ci da yaƙi. Abdoulaye Mamani ya ba mu Sarauniya a littafinsa na 1980, mun gode masa, muna alfahari da ita. Amma wa zai rubuta mana sojan da ya riƙe bindigar, da tafintan bariki, da dogarin da ya tara mutane aikin tilas? Su ma kakannin wasunmu ne. A rubuce-rubucenmu kusan kowane kaka ko malami ne ko mayaƙi, har mutum ya rasa inda jikokin sauran suka shiga.

Ga wanda ya samu littattafan nan, shawarata ya bi su yadda abokina ya bi da ni. Ya fara da Lallaoui, don shi zai sa ya ƙaunaci mutanen, kuma ba a yi wa wanda ba a ƙauna adalci. Sannan ya ɗauki Caledoun, ya bar lissafin ya ɓata masa rai, yana tuna wanda ya rubuta kundin. Idan dole in zaɓi ɗaya in ba ɗalibi, na biyun zan ba shi, domin ya fi amincewa da cewa mai karatu zai iya ɗaukar gaskiya.

Dabinon kuma, ana ba da labarin cewa daga ƙwallayen guzurin da mutanen suka riƙo a jirgi ya tsiro, har wata mai bincike, Mélica Ouennoughi, ta yi littafi guda a kansa. Ba a rubuta ko ɗan tawaye ne ya fara binne ƙwallon ko ɓarawon shanu ba. A maƙabartar dai, wadda aka kafa a ƙarshen ƙarni na 19 kewaye da kabarin wani dattijo da ake kira Sidi Mulay, ba a ware wa kowa layi bisa laifin da ke takardarsa ba. Abokina har yanzu yana kan bakansa, ni ma ina kan nawa, littafinsa na biyu kuma yana wurina ban mayar ba tukuna.